Kiran Saniyar Orlena

Orlena ta riga ta cika ƙirjinta da iska, ta kai tafin hannu bakinta za ta ƙwala wa saniyarta kira, sai ta tuna. Ta haɗiye kiran da ƙyar, ya shaƙe ta, ta tsaya tana tari a bakin shinge da bokitin tatsa a hannu. Dovie, saniyar tata, ba ta nan. Sanduna biyu na shingen suna kwance a taɓon ruwan da aka yi jiya, saniya ta taka su ta yi gaba.

A kwarinmu na duwatsun Kentaki, a shekarun nan da gwamnatin Amurka ta haramta giya a ƙasa baki ɗaya, mace ba ta kiran saniya don kawai saniya ta ɓata. Maza na can saman dutse suna dafa barasar masara kamar yadda kakanninsu suka yi, mata na ƙasa suna sa ido a hanya. Idan aka ji mace na kiran saniya da rana, ma'anarsa ɗaya ce: 'yan gwamnati sun shigo, kowa ya kama gabansa. Gidan Orlena ne na farko daga bakin hanya, kuma Allah ya ba ta muryar da ke tsallake tsauni biyu ba ta gaji ba, don haka ita ce ƙararrawar kwari. Bara Goggo Zilpha, da tsufa ya fara taɓa ta, ta manta ta kira tata saniyar da gaske. Maza suka watse cikin daji, aka kifar da jiƙon masara na wata guda, Elzie ƙanen mijin Orlena ya diro daga kan dutse ya gurɗe ƙafa. Har yau idan sun haɗu da tsohuwar a coci, gaisuwar tasu daga nesa ce.

Ta juyo gida tana taka ƙasa da ƙarfi. Mijinta Hobart na zaune a baranda yana ɗaura takalman aiki, wato katako biyu da aka sassaƙa kamar kofaton saniya aka liƙa a ƙasan tsohon takalmi. Duk namijin da ke hawa dutse irinsu yake sawa, don baƙo ya ga sawu ya ce shanu ne suka wuce.

"Kai, shingen nan da na ce ka gyara tun kafin masara ta yi goyo, ka gyara shi?"

"Ina nan ina shirin gyarawa."

"To huta, Dovie ta gyara maka. Ta fice."

Hobart ya ɗago kai. Dogon mutum ne siriri, mai yawan murmushi da ƙarancin magana, domin tun da ya yi aure bai cika samun fili ba. "Za ta dawo," ya ce. "Nono zai yi mata nauyi."

"Za ta dawo da ƙafarta ko a cikin cikin beyar, ƙaton naman dajin nan? Jikar karsanar da na zo da ita gidan nan ce, lokacin da ba ka da komai sai wando ɗaya. Zan kira ta."

"Yau? Haba Orlena. Yau muke dahuwa. Mutanen Cincinnati na zuwa da motar kaya ƙarshen mako, kin kuwa san su."

Ta san su. Mutanen birni ne masu dogayen kwat, waɗanda suke kwashe duk barasar yankin su kai wa manyansu, kuma ba su san wasa ba. Wani mutum a bayan tsauni ya taɓa ce musu kaya ba su haɗu ba, washegari rumbun ciyawarsa ya zama toka. Amma ba su ne ke hana Orlena barci ba. Abin da ke hana ta barci shi ne alƙalin da ya taɓa ɗaure Hobart wata shida, ya nuna shi da yatsa ya ce idan ya sake ganin fuskarsa shekara biyar ce. Daga wancan zaman Hobart ya dawo da tari a ƙirji wanda bai taɓa barinsa ba. Orlena ta sani sarai, idan aka rufe shi shekara biyar, a akwati za a dawo mata da shi. Ba ta taɓa gaya masa haka ba. Abin da take gaya masa shi ne tarinsa na hana kaji yin ƙwai.

Ita dai haka Allah ya yi ta. Ranar da Hobart ya nemi aurenta, cewa ta yi, "To, tunda ba wani." Daga nan har suka aurar da 'ya'yansu uku, ba a taɓa jin ta kira shi da wani suna mai daɗi ba. Malalaci ne, tsohon banza ne, mai kunnen ƙashi ne. Amma ka je ka duba wa ake ɗebar wa tsokar kaza mafi girma a gidan.

Ta tsaya a kansa ta fara. Ta faɗi tarihin shingen, ta faɗi tarihin rufin da ke yoyo, ta koma kan danginsa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta iso kan kawunsa na biyu, Hobart ya ɗaga hannu.

"Na ji, na ji. Ga yadda za a yi. Bari in hau in gaya musu yau kiran Orlena na gaske ne, saniya ce ta ɓata, kowa ya ci gaba da aikinsa. Ki jira rana ta leƙo bayan tsauni, na isa ke nan. Sai ki yi ta kira har muryarki ta dushe."

"Muryata ba ta dushewa."

"Ai ni ne shaida," ya ce, ya ɗauki ƙunshin burodin masara da soyayyen naman alade da ta ajiye masa, ya kama hanya yana ɗingishi irin na mai kofato.

Da rana ta leƙo, Orlena ta yafa mayafi, ta ɗauki igiya, ta fito tsakiyar fili ta saki murya. "Suuk, Dovie, suuk, suuk!" Kai, abin ya yi mata daɗi. Shekara da shekaru duk kiran da take yi na ƙarya ne, da zuciya na dukan uku-uku, yau kuwa tana kiran saniya don tana neman saniya. Ta bi gefen rafi tana kira, ta leƙa gonar taba, ta zagaya bayan maƙabarta. Sawu kam ga shi nan ko'ina, sai dai bai da amfani. Dutsen gaba ɗaya sawun kofato ne, wanda ya hau da wanda ya sauka, ka ce wani babban garke ne ya kwana a wurin, alhali shanun kwarin duka ba su cika goma ba.

A mashigar rafi ta gan shi. Saurayi ne, ya durƙusa yana duba taɓo, da sabon takalmi a ƙafarsa da gatari a hannu. Da ya ji motsinta ya miƙe, ya cire hula.

Nan take ta gane ɗan gwamnati ne. Mutanen Cincinnati ba sa cire wa kowa hula. Can bayansa kuma ga wasu ƙarti biyu masu tumbi suna tahowa suna haki, kowanne da doguwar bindiga a kafaɗa.

"Barka da hantsi, Inna. Sunana Pruitt, daga ofishin hana giya."

"Barka kadai, ɗan nan. Kun yi ɓatan kai. Mu nan ruwan rijiya muke sha."

Ya yi dariya, dariyar yaro mai tarbiyya. "Kowa haka yake gaya mini tun daga bakin hanya. Ke ce mai saniyar?"

"Ni ce."

"A ofis an gargaɗe ni, an ce idan na ji mace ta fara kiran saniya a duwatsun nan, in juya kawai, an tona ni. Amma ke tun kafin mu tsayar da mota muke jin muryarki. Na kuma biyo ta gidanki na ga shingen a ƙasa. Taki ɓatan gaske ce." Ya mayar da hularsa. "Babana shanu yake kiwo a Ohio. Na san yadda mutum yake ji. Mu je in taya ki nema, hanyarmu ɗaya."

"Ina, kada in ɓata muku aiki. Dovie ƙasa take so, wajen fadama. Ku zo mu duba can."

"Anya kuwa?" Ya nuna da ƙotar gatari. A tsakiyar hanyar da ta miƙe sama, ga kashin saniya sabo fil yana tururi. "Duk sauran sawun nan ban yarda da su ba, Inna. Amma katako ba ya yin wannan."

Wannan hanya kuwa, ita ce ke kaiwa har gindin tukunyar Hobart.

Ba yadda za ta yi. Idan ta ƙi binsu, za su hau su kaɗai. Ta shige gaba, ta buɗe maƙogwaro iya ƙarfinta. "Suuk, Dovie! Suuk!" Ta yi kiran da bara ya watsa maza, ta yi shi da sauri, ta yi shi da jan murya, ta yi shi sau uku a jere kamar yadda aka saba idan abin ya yi tsanani. Pruitt na gefenta yana gyaɗa kai.

"Tabarkalla da murya. Da babana ya same ki, da bai sayi kare ba."

Tsoro ya kama Orlena irin wanda ba ta taɓa ji ba. Da bakinta ta kashe ƙararrawar. Ita ta tsaya a kan mutumin nan da safe ta hana shi sakat har ya je ya ce wa kowa kada a kula da ita, yanzu ga ta tana jagorantar 'yan gwamnati zuwa wurinsa da igiya a hannu. Ta yi tuntuɓen ƙarya ta zauna tana riƙe da gwiwa, Pruitt ya ɗaga ta da ladabi ya sassaƙa mata sanda. Ta ce ƙishirwa take ji, ɗaya daga masu tumbi ya miƙo mata gorar ruwa. Ba ta taɓa tsanar kirki irin na ranar ba.

Suka ci gaba da hawa. Bishiyoyi suka yi duhu, hanya ta ƙuntata. Da suka kai wani faffaɗan dutse inda kwari ke buɗewa, iska ta juyo, ta kawo mata abin da ta fi tsoro: can sama, siriri, wani na fito. Hobart ne. Waƙar coci ɗaya ya iya, ita ma rabinta, kuma ba ya yin ta sai hankalinsa na kwance.

Pruitt ma ya ji. Ya ɗaga hannu, masu tumbi suka sauke bindigogi daga kafaɗa.

"Wane ne wancan, Inna?"

"Mijina ne," ta ce, don ba ta ga amfanin musu ba. "Itace yake sarowa. Bari in kira shi ya tare mana saniyar ta sama, kada ta tsallaka tsauni."

Saurayin ya dube ta. Yana da kirki, amma ba wawa ba ne. "Kira shi. Sai dai ina tsaye ina ji. Idan na ji kalma ɗaya da ta yi kama da 'gudu', ke ma za ki bi mu gari. Ba na so, amma zan yi."

Orlena ta hau kan dutsen. Me za ta ce? Idan ta ce ya sauko, zai sauko, ya faɗo hannunsu da kofato a ƙafa. Idan ta zage shi, zai ci gaba da fito, don zaginta a wurinsa kamar kukan zakara ne, alamar gari ya waye lafiya. Tana bukatar abin da idan ya ji, zai san duniya ta juye. Ta tsaya tana lalube a kanta, sai ta same shi, kuma da ta same shi sai ta ji gara a ce ta haɗiye ƙaya.

Ta kai hannu baki.

"Hobart! Masoyina!"

Kalmar ta fita kamar an ciro haƙori. Ta bugi tsauni ta dawo mata, ta ji ta da kunnenta, fuskarta ta ɗau zafi. Fiton da ake yi a sama ya tsaya cak.

"Hasken idona, kana ji na? Orlena ce, taka. Kada ka wahalar da kanka, ka ji? Ka bi a hankali, ka kula mini da ƙirjin nan naka."

Ɗaya daga masu tumbi ya yi tari ya kau da kai. Orlena ta san ba a kwashe kaya a lokaci kaɗan. Akwai gangunan barasa da za a mirgina cikin kogo, akwai murɗaɗɗen bututun tagulla da suke kira tsutsa, wanda shi ake fara cirewa domin tukunya kowa na iya ƙerawa amma tsutsa sai an je birni. Dole ta ja zancen. Sai ta nemi abin faɗa, kuma abin mamaki, ba ta sha wahalar samu ba.

"Ba ni da kowa sai kai, ka sani. Ka tuna shekarar da rafi ya kawo, ka goya ni ka tsallaka, ina da cikin fari, ina dukan kanka ina cewa za ka kashe mu? Ban taɓa yi maka godiya ba. Na gode. Ka tuna da ka sayar da bindigar babanka ka sayo mini keken ɗinki, na ce maka asara ka yi? Ba asara ba ce. Ba namiji kamarka a kwarin nan, ko a wancan. Da za a sake, kai zan sake zaɓa, ko da akwai wani."

Muryarta ta ɗan karye a nan, ta yi gyaran murya ta ɗora laifin a kan iska.

"Idan ka gama, ka dawo gida lafiya. Na yi maka kek ɗin busasshiyar tuffa, mai hawa-hawa, irin wanda kake so. Ka dawo mini lafiya, ka ji, masoyina?"

Ta sauke hannu. Daji ya yi tsit. Da ta juyo, sai ta ga Pruitt riƙe da hularsa a ƙirji, kunnuwansa sun yi ja.

"Inna," ya ce, "a watan gobe zan yi aure. Wallahi idan muka kai shekarunku matata na yi mini magana haka, ban da sauran buri."

"Allah ya sanya alheri," ta ce tana kallon ƙasa.

Suka ƙarasa hawa. A bayan wani kurmi, gefen idon ruwa, ga wurin: murhun duwatsu da garwashi na ci, ƙatuwar tukunya a kai tana huci, gangunan jiƙo a jere. Ba tsutsa, ba ko kwalba ɗaya ta barasa, ba mutum. A gindin wata ganga da aka kifar kuwa, ga Dovie kwance, ta miƙe ƙafafu, bakinta duk jiƙon masara, idanunta a lumshe. Da ta ga uwar gijiyarta ta ɗaga kai, ta yi wani dogon kuka mai taushi, ta yi gyatsa, ta mayar da kai ƙasa.

Masu tumbi suka fashe da dariya har ɗaya ya zauna a kan kututture. "Ranka ya daɗe, ga mai laifi mun kama. A sa mata ankwa?"

Pruitt bai yi dariya ba tukuna. Ya taɓa gefen tukunya, ya janye hannu da sauri. Ya zagaya wurin, ya leƙa daji, ya dawo.

"Yanzun nan suka tashi. Inna, tukunyar wa ce wannan?"

"Tambayi Dovie. Ita ka samu a wurin."

"Mijinki fa? Duk wannan kiran bai zo ba."

"Haka yake. Da ya ji ana nemansa da aiki sai kunnensa ya toshe."

Ya daɗe yana kallonta. A fuskarsa kana ganin yana bin maganganunta ɗaya bayan ɗaya yana neman inda aka ɓoye gargaɗin, bai samu ba. Ina zai samu? Sai wanda ya zauna da Orlena. A ƙarshe ya girgiza kai, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga gatari ya sassare tukunyar har ta zama rariya. Masu tumbi suka kifar da sauran ganguna, wari ya tashi, Dovie ta buɗe ido tana kallon ɓarnar da baƙin ciki.

Su huɗu suka taru kafin saniyar ta miƙe. Pruitt ne ya san inda ake kamawa, ya yi mata magana a kunne, ya ɗaura mata igiya. Suna shirin sauka sai ya sunkuya bayan wani dutse, dab da inda hanya ta ɓullo, ya ɗago wani abu. Takalmi ne ƙwaya ɗaya mai kofaton katako. Orlena ta gane ɗinkin maɗaurin, don kekenta ne ya yi shi.

Ya juya shi a hannu, ya dubi ƙafafun Dovie, ya dubi Orlena. Sai ya miƙa mata.

"Saniyarki ta yar da ƙafa ɗaya, Inna. A kula da ita. Wani zuwan ba lallai a same ta da sa'a haka ba."

Saukowa ta ɗauki lokaci, domin Dovie kowace bishiya sai ta tsaya ta jingina. A bakin hanya 'yan gwamnati suka shiga motarsu, Pruitt ya sake cire hula, suka tafi.

Rana ta yi sanyi, Orlena na zaune a kan kujerar tatsa tana tatse nonon da ta san aladu za ta ba saboda jiƙon da Dovie ta sha, sai ga Hobart ya ɓullo ta bayan gonar taba. Ƙaya ta yage masa riga, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa. Ta gan shi ta gefen ido. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, amma ba ta ɗago ba.

"Ka dawo, tsohon banza."

"Na dawo."

"Kaya fa?"

"Suna kogo. Tsutsa na wurin Elzie. Tukunya kawai aka rasa, ita ma dama ta fara yoyo."

"Tun yaushe saniyata take wurinku?"

Hobart ya sosa ƙeya. "Can muka tarar da ita da safe. Ta riga ta sha rabin ganga."

"Kana ji ina ta tsage maƙogwaro tun hantsi, ka yi shiru?"

"To ya zan yi? In sauko in ce miki saniyar gadonki ta bugu da jiƙona? Cewa na yi bari ta wartsake tukuna. Tsakanin ke da alƙali, Orlena, ban san wanda na fi tsoro ba."

Ta ba shi amsar da ta dace, mai tsawo, ya tsaya ya saurara har ƙarshe da fuskar wanda ya dawo gida. Da ta tsaya shan iska, ya jingina da ragowar shinge.

"Da kika ce kalmar nan ta farko, ludayi ya faɗi daga hannun Elzie. Ya ce, 'Yaya, ko dai 'yan gwamnati ne, ko matarka na bakin mutuwa. Ko wanne ne, ni na tafi.' Ban taɓa ganin an kwashe wuri da sauri haka ba. Yanzu wai shawara suke a mayar da shi sabon kira, tunda na saniya ya lalace."

"Su nemi matansu. Ni na yi na gama." Ta miƙa hannu ƙarƙashin kujera, ta jefa masa takalmin. "A bayan dutsen da ke dab da tukunyarku aka tsince shi. Me ya kai ka nan? Kogo ai ta ɗaya gefen yake."

"Ni ne na ƙarshen tashi."

"Na sani kai ne na ƙarshe, kullum kai ne na ƙarshe. Tambayarka nake me ka tsaya yi, mutane na hawowa da bindigogi, alƙali na jiranka?"

Hobart ya juya takalmin a hannu yana duba ɗinkin.

"Ba ki gama ba," ya ce. "Na ce idan na gudu, ban san ko zan sake ji ba. Sai na laɓe har kika kai ƙarshe."

Orlena ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tatsa, nono na ƙara a cikin bokiti, Dovie na lilo a hankali.

"Zancen keken ɗinkin nan," ya ce, "da na rafi. Duk don 'yan gwamnati ne?"

"Da don wa?"

"Kek ɗin fa?"

"Babu wani kek. Yaushe na zauna, ina bin saniya a daji saboda wani ya ƙi gyara shinge? Wuce ka ɗauko guduma tun da sauran haske."

Ya tafi yana ɗingishi, yana fito da rabin waƙarsa. Orlena ta juye wa aladu nono, ta wanke hannu, ta shiga kicin. Ta ɗan tsaya tana jin ƙarar guduma daga waje. Sannan ta jawo kujera ta taka, ta sauko da igiyar busasshiyar tuffa daga jikin rufi, ta hura wuta.